Yadda ake nazarin littafin tafiyar Mark Twain zuwa Ƙasa Mai Tsarki

Masu fara karanta The Innocents Abroad wuri ɗaya suke yawan faɗuwa: suna ɗaukar duk abin da marubucinsa, Ba'amurke Mark Twain, ya faɗa da gaske. Sai ka ga ɗalibi ya tsinko jimla ya kafa hujja da ita, alhali mutumin gatse yake yi.

Fara da samun cikakken littafin. Ya fito tun 1869, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da faɗuwa, yana nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka. Gajartaccen bugu kuwa, bar shi inda ka gan shi, domin barkwancin ake fara yankewa. In ka samu mai zane-zanen asali, ya fi.

Sannan ka ajiye taswira a gefe. Jirgin ruwan Quaker City ya bar Niyok a watan Yunin 1867 ya koma a Nuwamba, ɗauke da Amurkawa masu hali, da yawansu dattawan coci masu niyyar ziyara. Twain ɗan jarida ne a cikinsu, yana aika wasiƙu ga jaridar Alta California. Sun bi ta Tanja, Faransa, Italiya, Girka da Istanbul kafin su sauka Bairut, su hau dawaki zuwa Dimashƙa, Galili da Ƙudus, huɗun nan na ƙarshe duk a ƙarƙashin Daular Usmaniyya a lokacin. Sai ka ci kusan kashi biyu bisa uku na littafin kafin ka taka Ƙasa Mai Tsarki. Masu gaggawa kan tsallake kai tsaye zuwa can. Kada ka yi. A Italiya ne za ka koyi muryarsa, inda shi da abokansa suke laƙaba wa ɗan rakiya suna Ferguson, a nuna musu abin tarihin Kolumbus ko gawar da ta shekara dubbai, su tambaya da fuska a murtuke ko mutumin ya mutu ne.

Aikin gaske shi ne wannan: duk inda ka yi dariya ko ranka ya sosu, tsaya ka rubuta a gefen shafi wa ake yi wa shaguɓe. Amsar ba ta cika zama wadda ka fara zato ba. Duba abin da ya faru a bakin Tekun Galili. Masu ziyarar sun daɗe suna cika baki cewa ko nawa ne za su biya su hau ruwan da Annabi Isa ya bi. Masu kwale-kwale suka ce dala takwas, wani ya ce ya yi yawa a ba su rabi, su kuwa suka juya suka yi tafiyarsu. Sabon mai karatu zai ce tsadar 'yan kwale-kwale ake kuka da ita. Rowar masu ziyarar ake tonawa. Haka a hanyar Ba'albak zuwa Dimashƙa: tafiyar kwana uku aka matse cikin biyu don wasu ba sa tafiya ranar Lahadi, dawakai suka sha wuya saboda tsoron Allahn masu hawansu. A cocin da Kiristoci ke girmamawa a matsayin kabarin Almasihu a Ƙudus kuma, da aka nuna masa wai kabarin Annabi Adamu, sai ya ɓarke da kukan rashin ɗan'uwa na nesa. Kukan ƙarya ne. Marubutan ziyara da suka gabace shi yake kwaikwaya, masu zubar da hawaye a kowane dutse, musamman wanda ya sauya wa suna ya kira Grimes. In ba ka gane cewa da littattafan wasu yake faɗa ba, rabin dariyar ta wuce ka.

Amma fa kada gatsen ya zama uzuri ga komai. Abin da ya rubuta kan Larabawa, Turkawa da talakawan da ya gani a ƙauyuka, wani wurin raini ne tsagwaronsa, babu wani shaguɓe a ƙarƙashi. Yi wa irin waɗannan wurare alama da biro mai launi daban. Kuma duk wanda ya kawo maka bayaninsa na cewa Falasɗinu kufai ce a matsayin shaidar tarihi, tuna masa cewa a watan Satumba mutumin ya ratsa ƙasar, bayan dogon rani, a gajiye kan doki, cikin 'yan makonni, kuma bai ji yaren mutanen ba.

Sauran mai sauƙi ne. Babi biyu ko uku a zama ɗaya ya isa, domin salon yana ginsarwa. Karanta wuraren barkwanci da ƙarfi, kunne ya fi ido kama gatse. In rubutun jami'a za ka yi, nemi wasiƙun jaridar na asali ka gwada su da littafin, ka ga abin da ya sassauta da abin da ya ƙara kafin a kai maɗaba'a.