Kurakuran da ke sa a cire talla a Facebook da Instagram

Wani kuskure da ake samu a tsakanin 'yan kasuwar Kano shi ne zaton cewa da zarar an cire kuɗi daga kati, tallan ya zauna daram. Sharuɗɗan da mai talla ke amincewa da su sun ba kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ikon ƙin talla ko sauke shi duk lokacin da ya ga ya dace, ko da ya riga ya fara yawo. Tantancewar farko galibi na'ura ce ke yin ta cikin awa 24, kuma ana iya sake dubawa daga baya, shi ya sa tallan shaddar ɗan Kantin Kwari zai yi mako guda lami lafiya sannan a wayi gari babu shi.

Masu maganin gargajiya da na gyaran jiki suna yawan faɗawa wannan rami. Tambaya irin "Kana fama da basir?" ta saɓa wa ƙa'idar da ta hana talla nuna cewa ya san lalurar mai karatu, komai kyawun niyyar mai shi. Gyaran shi ne a bayyana kayan, a ƙyale mai karatu: a faɗi sunan maganin da abin da aka haɗa shi da shi. Alƙawarin warkewa cikin kwana uku, da hotunan da ke sa mutum ƙyamar jikinsa don a sayar masa da maganin rage ƙiba, duk suna jawo cirewa. Lambar NAFDAC wajibi ce a dokar ƙasa, amma ba ta tilasta wa Meta karɓar talla.

Mai sayar da kayan waya a Farm Centre kuma ya guji tallata cajar da ba ta asali ba ɗauke da tambarin Samsung. Ana duba shafin da tallan ke kai mutum, don haka kaya da farashi su zama ɗaya a wuraren biyu.

Mafi muni shi ne abin da ake yi cikin fushi: a sake ɗora tallan yadda yake, ko a buɗe sabon asusu da sunan ƙane. Kamfanin na ɗaukar wannan a matsayin yunƙurin kauce wa tantancewa, kuma yana iya hana asusun talla baki ɗaya. Abin da ya dace shi ne a karanta dalilin da aka bayar, a gyara rubutun ko hoton, idan kuwa mai talla yana da yaƙinin na'ura ce ta yi kure, sai ya nemi a sake dubawa daga cikin asusun tallan nasa.