Yadda Ake Kallon Jemage Yana Kauce wa Ƙwaro Mai Daci

Da farko ka zaɓi lokaci. A Jos, damina ce ta fi, daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da ƙwari ke cika dare. Cikin sanyin hunturu ba ka ganin abin kirki.

Bayan sallar magariba ka nemi fitila mai farin haske, ko ta titi ko ta ƙofar gida, ka tsaya ɗan nesa. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari za ka jira, ban da manyan nan masu cin 'ya'yan itace, don su ba ruwansu da wannan farauta.

Sai ka sa ido a kan jemage ɗaya. Yana tafe yana fitar da ƙara siririya wadda ta wuce jin kunnen mutum, amsa-kuwwarta ce ke nuna masa inda ƙwaro yake. Idan ya kusa cafka, sai ya riƙa jero ƙarar har kusan 200 a daƙiƙa guda.

Nan ne wurin lura. Wani lokaci za ka ga ya nufi malam-buɗe-littafin dare gadan-gadan, sai kwatsam ya karkace ya bar shi. Akwai jinsin waɗannan ƙwari da ke tara dafi tun suna tsutsa daga ganyen da suke ci, wasu a Amurka daga dangin tumfafiya. Suna da wata 'yar fata a gefen ƙirji da suke kaɗawa, ta ba da ƙas-ƙas da zarar sun ji jemage. Ƙarar nan gargaɗi ce cewa ƙwaron na da daci, amma ba da sanin wannan aka haifi jemage ba. Binciken masanin halittu William Conner da ɗalibansa a jami'ar Wake Forest ta Amurka ya nuna sai ya ɗanɗana ya tofar wasu 'yan lokuta kafin ya haɗa ƙarar da dacin. Abin da ya fi burge ni shi ne, wasu marasa dafin ma suna kwaikwayon ƙarar, su tsira a inuwar masu dafi.

In kana son shaida da idonka cewa ƙwarin na ji, girgiza tarin makullai kusa da fitilar. Ƙararsu na da irin siririn sautin jemage, za ka ga wasu sun faɗo ƙasa ko sun rikice a iska.

Jemagen da ka tsinta a ƙasa kuwa, kada ka taɓa shi da hannu, kuma ka hana yara, don yana iya ɗauke da cutar haukan kare.