Taliya da kifin gwangwani cikin minti 20

Uwargida, ki fara ɗora ruwa da ɗan gishiri. Idan ya tafasa ki zuba taliya leda ɗaya, bayan minti 8 zuwa 10 ki tsane ta a kwando. Kada ki bari ta caɓe, nan ne girkin yake lalacewa.

Kafin ta nuna, ki yanka albasa da tumatir 3, ki jajjaga attaruhu. Ki buɗe kifi gwangwani 2, ki tsiyaye mansa a kasko. Ni da shi nake suya, ya fi ƙamshi, ga sauƙin aljihu. Ki soya albasar, ki zuba tumatir da attaruhu da dunƙule ɗaya har ruwan ya tsotse.

Sai a ƙarshe ki saka kifin, don kada ya dagargaje. Ki juye taliyar, ki juya a hankali, ki sauke.