Kurakuran da Aka Fi Yi a Carbin Jinƙan Allah

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan Carbin Jinƙan Allah, addu'ar nan ta Katolika da ake yi da carbi, tare da 'yan'uwa masu jin Hausa a nan Agege, kuma kusan duk sabon da ya shigo cikinmu, ko daga Kafanchan ya taso ko daga Pankshin ko daga ƙauyukan Kano, sai na ga ya faɗa ramin da na gabansa suka faɗa. Bakina ya gaji da nanata gyara ɗaya kowace Lahadi bayan an tashi daga Misa, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Babban kuskure, wanda ni da kaina na yi kuma har yau yake ci mini rai, shi ne ɗaukar carbin nan a matsayin abin da zai maye gurbin Fada, wato limamin coci, a gefen gadon mai mutuwa. Gaskiya ne cewa Faustina Mai Tsarki, sistar nan 'yar ƙasar Folan wadda aka koya wa addu'ar a birnin Vilnius cikin watan Satumba na 1935, ta rubuta cewa Ubangiji Yesu ya yi alkawarin jinƙai mai girma ga wanda aka ja wa carbin a lokacin fitar ransa. Amma ita kanta Faustina tana da Fadan da take furta masa zunubanta, Fada Sopoćko, kuma shi ne ma ya umarce ta da ta riƙa rubuta abin da take ji da gani.

Lokacin da yayana ya kwanta a wani asibiti a nan Legas, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, dare uku muka yi ni da matarsa muna ja masa carbin. Na san sarai ya yi shekaru bai furta zunubansa ba. A dare na biyu matar ta dube ni ta ce, "Baban Talatu, ko dai mu kira Fada?" Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai muna da alkawarin Ubangiji, kuma idan Yaya ya ga Fada da kwalbar mai zai ɗauka mun fid da rai da shi. A daren nan yana magana, yana gane mutane, har ya nemi a ba shi koko. Da asubar kwana na huɗu ya cika, ba furta zunubi, ba shafa mai, ba Jibi Mai Tsarki, wato karɓar Jikin Yesu. Da na je na shaida wa Fadan ikilisiyarmu, bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya kawai ya yi mini: "Baba, kana da lambata, me ya hana ka kira?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Saboda haka ina faɗa muku da babbar murya, ku da kuke tsoron kiran Fada kamar shi ne ke kawo mutuwa a jakarsa: ku daina. Shafa mai na marasa lafiya ne, kuma na ga mutanen da aka shafa musu suka tashi suka koma kasuwa. Abin da nake yi yanzu, da zarar an ce wani namu ya kwanta kuma jikin ya yi tsanani, sai in fara buga wa Fada waya tun ban sa takalmi ba, carbin kuwa in ja shi a mota a kan hanya, in kuma sake jan sa a gefen gado bayan Fada ya gama nasa aikin.

Kuskure na biyu da yake ɓata mini rai shi ne rage wa addu'ar faɗi. A kan ƙananan 'ya'yan carbi muna roƙo ne saboda shan wuyar Yesu mai ɗaci, Allah ya ji ƙanmu da duniya duka, amma sau da dama na ji mutum ya mayar da ita "ka ji ƙaina da iyalina", wata ma na ji ta sa sunan shagonta a ciki. Wannan rowa ce. A kan manyan 'ya'yan carbin kana miƙa wa Uba Madawwami Jiki da Jini, Rai da Allahntakar Ɗansa domin zunubanmu da na duniya baki ɗaya, to ta yaya za ka miƙa abu mai girma haka sannan ka ce ladan ya tsaya a ƙofar ɗakinka? "Duniya duka" ta haɗa da mai gidan hayar da ya ƙara maka kuɗi, da kwandastan da ya zage ka a Oshodi. Idan kana da buƙata ta kanka, ka faɗe ta kafin ka fara, ka bar kalmomin yadda suke.

Sai batun ƙarfe uku na rana, lokacin da Ubangiji ya cika a kan gicciye. Mutane da yawa sun ɗauka idan lokacin ya wuce, carbin ya ɓaci, har wani direba ya gaya mini ya yi wata biyu bai ja ba domin kullum ƙarfe uku a cunkoson gadar Third Mainland take riskar sa. Abin da aka nema a wannan sa'a shi ne tuna shan wuyar Ubangiji ko da na ɗan lokaci kaɗan, da Hanyar Gicciye, wato addu'ar bin matakan shan wuyarsa, ga wanda ya sami dama. Carbin kuwa ana jan sa kowane lokaci. Ni nakan ce "Yesu, na dogara gare ka" duk inda ƙarfe uku ta same ni, cikakken carbin kuma sai dare ya yi.

Wasu suna tsallake addu'o'in buɗewa, wato Ubanmu, da A Gaishe Ki Maryamu, da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, su kuma manta cewa "Allah Mai Tsarki" na rufewa sau uku ake faɗa. Wasu suna gudu kamar za a rufe musu ƙofa. Akwai kuma masu jefar da Rosari, carbin Maryamu, gaba ɗaya don wannan ya fi gajarta, alhali carbi ɗaya ake riƙewa amma addu'o'in biyu daban suke. Saƙonnin WhatsApp masu cewa ka tura wa mutum goma ko masifa ta same ka, goge su nake yi ba tare da na karanta zuwa ƙarshe ba.

Game da Lahadin Jinƙan Allah, wadda Paparoma John Paul na Biyu ya kafa a ranar 30 ga Afrilu, 2000, ranar da ya sa Faustina cikin jerin tsarkaka, a tuna cewa Lahadin da ke bin Ista ce, kuma addu'ar kwana tara da ke gabanta ranar Jumma'a Mai Kyau take farawa. Kowace shekara sai wani ya zo ran Litinin bayan Ista yana tambaya yaushe za mu soma. Cikakkiyar gafarar hukuncin zunubi da Ikilisiya ta ɗora wa ranar tun 2002 tana da sharuɗɗa: furta zunubi, karɓar Jibi Mai Tsarki, addu'a domin nufin Paparoma, da zuciyar da ta saki kowane irin zunubi. Ni tun cikin makon ƙarshe na azumin da ke gaban Ista nake zuwa wurin Fada in furta zunubina, domin layin ranar Asabar da ke gaban Lahadin Jinƙan Allah yakan kai har bakin ƙofar coci, kuma ƙafafuna ba sa jure tsayuwa kamar da.