Babi na 8: Saƙa Ɗan Dainoso Mai Launin Kankana

Mata da yawa a ajin yaƙi da jahilci sun iya riƙe kwarashi tun kafin su iya riƙe biro. Da hunturu ya kama a Bauchi sai a fito da ulu, ana saƙa wa jarirai hula da safa da rigar sanyi, babu takarda, babu lissafi a rubuce, ido ne ke aunawa. Aikin wannan babin ya sha bamban. Abin wasan yara za mu saƙa, ɗan dainoso mai launin kankana, kuma ido kaɗai ba ya fitar da shi. Sai an ƙirga, an kuma rubuta abin da aka ƙirga. Saboda haka ki ajiye littafin rubutunki kusa da ulunki.

Wace dabba ce wannan?

Wataƙila kin taɓa ganinta a jikin rigar yaro ko jakar makaranta: dabba mai doguwar wutsiya da zanko a gadon baya. Dainoso dabbobi ne masu yin ƙwai da suka rayu a duniya tun da daɗewa. Masana sun ce sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, ƙasusuwansu kawai ake haƙowa. Ba a ƙasar Turawa kaɗai ake samun ƙasusuwan ba. A nan maƙwabta, Jamhuriyar Nijar, akwai wani wuri a hamadar jihar Agadas da ake kira Gadufawa, inda aka tono su da yawa. A 1999 aka sa wa wani irinsu sunan ƙasar Nijar ɗin, mai cin ganye ne, haƙoransa sun fi 500. Wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi an harhaɗa su a tsaye. Namu dai ba zai kai taki ɗaya ba, kuma ba shi da haƙori ko ɗaya.

Ana yawan tambaya ko ya halatta a yi siffar abu mai rai. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su, shi ya sa malamai da dama suka sauƙaƙa a kan kayan wasan yara. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malaminta. In ta so, ta tsaya a kan gangar jikin kawai, ta rufe ta, ta samu kankanar wasa ba dabba ba. Lissafin duk ɗaya ne.

Kayan aiki

Kina buƙatar ulu kala biyar. Kore mai haske shi ne mai yawa, dunƙule ɗaya ya isa har ya yi saura. Kore mai duhu da ja da fari da baƙi kaɗan-kaɗan ne, ragowar wani aikin ma ta wadatar. Sai kwarashi, da allura mai babbar kafa wadda ulu zai shiga, da almakashi, da fil ɗaya. Ki nemi waɗannan wajen masu sayar da kayan ɗinki, a Kasuwar Wunti ko kasuwar da ta fi kusa da ke.

A jikin kwarashi akwai lamba, ita ce kaurinsa a milimita. Ga ulu mai matsakaicin kauri ki ɗauki mai lamba 2.5 ko 3, wato ya ɗan fi wanda kike saƙa hula da shi siranta. Hula tana son saƙa mai sakin jiki, wannan kuwa matsattsiya yake so, don kada abin da aka cusa a ciki ya riƙa leƙowa ta ramuka.

Abin cusawa mafi kyau shi ne farar audugar roba irin ta cikin filo, domin tana wankuwa ta bushe da wuri. Audugar gona da ta rimi suna curewa in sun sha ruwa. Guntayen ulu da ƙyallayen tela ma suna yi, muddin an yayyanka su ƙanana. Kada ki zuba wake ko shinkafa don ya yi nauyi: ƙwari za su shiga, kuma yaro ba ya rabuwa da sa abu a baki.

Kafin ki fara, ki yanko ɗan guntun jan ulun, ki jiƙa shi, ki matse shi a cikin farin ƙyalle. In ya zuba, nemi wani, don yana dab da fari za a saƙa shi.

Saƙa uku kacal

Ta farko ita ce gajeriyar saƙa, wadda kika riga kika sani. Ki cusa kwarashi a ido, wato ramin saƙa, ki naɗo zare ki jawo, zare biyu ke nan a wuyan kwarashi. Ki sake naɗowa ki jawo ta cikin biyun. An yi ido ɗaya.

Ta biyu ƙari: gajeriyar saƙa biyu a cikin ido ɗaya. Ta uku ragi: ki cusa a ido ki jawo zare, ki cusa a na gaba ki jawo, zare uku ke nan, sai ki naɗo ki jawo ta cikin ukun. Ido biyu sun zama ɗaya.

Duk gaɓoɓin hanyar fara su ɗaya ce. Ki yi ƙullin zarge, ki yi sarƙa biyu, sai ki zuba idanun zagayen farko a cikin sarƙa ta fari. Daga nan zagayawa za ki yi ta yi ba tare da rufe layi ba, shi ya sa farkon zagaye yake ɓacewa. Ki maƙala fil a ido na farko. Duk sanda kika dawo kansa, ki ƙirga idanun, ki ja sanda ɗaya a littafinki, sannan ki matsar da fil ɗin sama. Wannan sandar ita za ta cece ki ranar da tukunya ta kira ki ko baƙuwa ta yi sallama kina tsakiyar aiki.

Gangar jiki da kai

Da kore mai haske, daga ƙasa zuwa sama. Lambar ƙarshe ta kowane layi ita ce yawan idon da ya kamata ki samu.

Zagaye na 1: ido 6.
Zagaye na 2: ƙari a kowane ido, 12.
Zagaye na 3: ido 1 sai ƙari, sau 6, 18.
Zagaye na 4: ido 2 sai ƙari, sau 6, 24.
Zagaye na 5: ido 3 sai ƙari, sau 6, 30.
Zagaye na 6: ido 4 sai ƙari, sau 6, 36.

Dakata ki dubi lambobin nan: 6, 12, 18, 24, 30, 36. Ninkin shida ne, wanda muke haddacewa a darasin lissafi, ga shi yau a hannunki. Kuma ba don ado aka zaɓi shida ba. In ana ƙara ido shida a kowane zagaye, saƙar tana shimfiɗuwa kamar faifai. In ƙarin ya gaza shida sai bakinta ya tashi sama, in ya wuce shida sai ya yi tattara. Wadda ta gane wannan ta gane sirrin aikin gaba ɗaya: ƙari yana buɗawa, ragi yana tsukewa, in babu ko ɗaya saƙa tana miƙewa sama. Da shi za ki iya fitar da lemo ko gwanda ko mangwaro ba tare da kowa ya rubuta miki ba.

Zagaye na 7 zuwa na 14: ido 36, ba ƙari ba ragi.
Zagaye na 15: ido 4 sai ragi, sau 6, 30.
Zagaye na 16 da na 17: 30.
Zagaye na 18: ido 3 sai ragi, sau 6, 24.
Zagaye na 19 da na 20: 24.
Zagaye na 21: ido 2 sai ragi, sau 6, 18.
Zagaye na 22: 18.

Kin iso wuya. Yanzu ki cusa auduga, kaɗan-kaɗan, kina turawa da gindin biro har cikin ya cika ya yi tauri. In kika dunƙula da yawa kika tura lokaci ɗaya, jikin zai yi gudaji. Wuyan ya fi ko'ina bukatar cika, in ba haka ba kai zai riƙa langaɓewa.

Ba a yanke zare, kai daga nan yake tashi. Na fi son wannan hanyar a kan a saƙa kai daban a ɗinka, domin wurin ɗinkin nan ne yara ke fara tsinkewa.

Zagaye na 23: ido 2 sai ƙari, sau 6, 24.
Zagaye na 24: ido 3 sai ƙari, sau 6, 30.
Zagaye na 25 zuwa na 29: 30.

Sai ki sauko da ragi shida-shida: 24, 18, 12. A kan 12 ki cika kan da auduga, ki yi ragi sau 6, ki yanke zare da ɗan tsawo, ki zura shi a allura, ki bi ta idanu shidan ki tsuke.

In kin ƙirga kin samu 29 a maimakon 30, kada ki ce ai ɗaya ne. Warware zagayen nan take. Ido ɗayan da ya ɓace zai bi ki har ƙarshe, lissafin ragi ba zai ƙara fita daidai ba.

Ƙananan gaɓoɓi

Waɗannan ba su da wuya. Baki: 6, 12, 18, sai zagaye biyu a kan 18. Ƙafa, guda biyu: 6, 12, sai zagaye uku a kan 12. Hannu, guda biyu: ido 6, zagaye huɗu, ba a cusa masa komai. Wutsiya da ido 4 take farawa, ta tafi 6, 6, 8, 8, 10, 12, 12, wato ƙarin biyu-biyu ne, shi ya sa take fita da tsini. Ki bar dogon zare a jikin kowace gaɓa, da shi za ki ɗinka ta.

Inda kankana take fitowa

In kin je Kasuwar Muda Lawal, ki tsaya ki dubi kankanar da aka yanka da kyau. Ja ne a tsakiya, sai ɗan fari, sai koren ɓawo, 'ya'yan kuma ba a jere suke ba. Haka za mu bi.

Tumbi: da ja ki yi 6, 12, 18. A ido na ƙarshe, sa'ad da zare biyu ke wuyan kwarashi, ki saki ja ki jawo fari ta cikinsu. Canjin launi ke nan, kuma in an yi shi a wannan gaɓar ba ya barin tabo. Ki yi zagaye ɗaya da fari, 24. Kafin ki ɗinka shi a gaban jikin dainoson, ki zura baƙin ulu a allura ki yi 'ya'ya biyar ko bakwai, kowanne ɗinki biyu a wuri ɗaya, ƙulle-ƙullen duk su ɓuya a baya.

Zankon baya shi ne abin da ke sa mutane su ɗauka su juya. Guda huɗu za ki yi. Kowanne ja ne 6 da 12, sai kore mai duhu 18. Ki naɗe shi biyu, ki ɗinke bakin, sai ga yankan kankana sak. Miƙaƙƙen gefen shi ke kwanciya a jikin dainoson, daga ƙeya zuwa kan wutsiya, ɓawon yana kallon sama. Ratsin jiki kuma da allura ake yi: kore mai duhu, layi uku a kowane gefe, daga wuya zuwa ƙasa, a ɗan karkace.

Haɗawa da fuska

Kada ki ɗinka komai sai kin gwada. Ki kafa ƙafafu da wutsiya da tsinke, ki ajiye shi a kan tabarma. Ƙafa biyu a gaba da wutsiya a baya su ne za su zaunar da shi. In ya faɗi baya, ki sauke wutsiyar ƙasa kaɗan. Baki yana zama tsakanin zagaye na 24 da na 29, a cusa masa 'yar auduga kafin a rufe. Kowace gaɓa ki zagaye ta da ɗinki sau biyu, ki nutsar da allura cikin jikin ta fito ta wani gefe, sannan ki yanke.

Ido da baƙin ulu za ki yi shi, da ɗigon fari a gefe. Ana sayar da idon roba, wasu kuma suna sa maɓalli ko dutsen ado, yana kuma da kyan gani. Amma in yaron bai kai shekara 3 ba, kada ki sa ko ɗaya: zai ciro da haƙori, yana iya shaƙe shi. In kin gama, ki ja kowace gaɓa da ƙarfi. Abin da ya motsa a hannunki zai fita a hannun yaro.

Wanki da hannu ake yi, da ruwan sanyi da sabulu, a matse a cikin tawul, a shanya a inuwa. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, narkewa yake in ya ji wuta, don haka a nisanta shi da murhu da dutsen guga.

Aikin gida

Ki kwafe layukan zagaye na 1 zuwa na 6 a littafinki, ki karanta wa wadda ke kusa da ke tana saƙawa, sannan ku yi musanya. Bayan haka ki amsa: in za ki ƙara wa jikin girma da zagaye biyu bayan 36, ido nawa za ki samu a kowanne, kuma ido nawa za ki saƙa kafin kowane ƙari?

Wadda ke da niyyar sayarwa, ko ta kai shi cikin kayan barka, ta rubuta kuɗin ulu da na auduga da na mota zuwa kasuwa, ta raba da yawan dainoson da kayan suka fitar. Ta kuma duba agogo ta rubuta awa nawa guda ɗaya ya ci mata, don wannan ne mata suka fi mantawa wajen yanke farashi. Ku zo da gangar jikin a darasi na gaba, ko da ba a cusa auduga ba, tare da shafin da kuka ja sanduna a kai.