Yadda Za Ka Farfaɗo da Tsohon Babur a Kumasi Ba Tare da Ka Ci Bashi Ba

Wanda ya sayi tsohon babur, wato moto kamar yadda muke faɗa a Zango, galibi kuɗinsa sun riga sun tafi a wurin ciniki, abin da ya rage masa na gyara bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk dabarar tana cikin sanin abin da za a fara taɓawa da abin da za a bari sai gaba. Na sha ganin samari a Aboabo da Asawase sun kai babur wurin mai fenti tun a makon farko, sun sake fatar sirdi, sun liƙa masa kwalliya, alhali birkin baya ba ya kamawa sai an danne shi har ƙasa. Shawarata ita ce ka raba aikin gida uku: abin da ƙwazonka kawai yake buƙata, abin da ya shafi ranka wanda dole ka kashe masa kuɗi, da abin da zai iya jira ko da wata shida ne.

Gyaran yana farawa ne tun kafin ka miƙa kuɗin. Ka duƙa ka karanta lambar da aka buga a wuyan firam, ƙasa da kan babur, da wadda ke jikin inji ta gefen hagu, ka gwada su da abin da ke rubuce a takardu. Babura da yawa suna shigowa ta iyakar Togo da Burkina Faso, kuma ba dukkansu aka biya wa kuɗin kwastan ba, irin waɗannan kuwa za su wahalar da kai idan ka je DVLA, hukumar da ke rajistar ababen hawa da ba da lasisin tuƙi. Idan ka ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, ka yi sallama ka tafi, komai arhar kayan. Haka nan idan akwai sabuwar walda a wuyan firam, ko kuma ka tsaya ta baya ka ga tayar gaba da ta baya ba su kan layi ɗaya, to babur ɗin ya taɓa cin karo mai tsanani, kuma babu gyaran da ɗan kuɗinka zai yi masa. Ka kuma ɗora hannu a kan injin kafin mai shi ya tayar. In ka ji shi da ɗumi, an riga an ɗumama shi ne don kada ka ga irin taurin kan da yake yi da safe, sai ka nemi a sake haɗuwa washegari da sassafe.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi babur mai inji irin na CG. Kamfanin Honda ne ya fito da CG125 a 1975, ya ƙera shi musamman domin ƙasashen da ba a cika kula da sauya baƙin mai a kan kari ba, daga baya kamfanonin Sin suka kwaikwayi injin, shi ya sa za ka same shi a jikin babura masu suna daban-daban da ke yawo a titunanmu. Amfaninsa a gare ka shi ne kayan gyaransa suna ko'ina, kuma duk yaron gareji ya san cikinsa. Tsohon babur mai girma da aka shigo da shi daga Turai ko Japan yana da daɗin kallo, amma ƙaramin abu ɗaya zai iya ajiye shi a zaure wata uku ana cigiya.

Da ka kawo shi gida, ka wanke shi tas da omo da ɗan kananzir, domin a jikin injin da ya yi tsabta ne kake gane inda mai yake tsatsafowa. Daga nan ka ɗumama shi na 'yan mintoci ka zubar da baƙin man. A injin CG, marfin da ake kwancewa a ƙasa ta hagu yana fitowa da sifirin da ɗan rariya, sai ka wanke rariyar da kananzir, ka duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a jikinta kafin ka mayar. Injin ba ya cin fiye da lita ɗaya. Ka sayi man babur na 20W-50 a rufe a gidan mai, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, saboda kulocin babur a cikin mai yake iyo, kuma wasu mayukan mota suna sa shi zamewa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ka san tarihinsa ba. Wajen duba yawansa, ka tsayar da babur a miƙe, ka tsoma sandar awo ba tare da ka murɗa ta ciki ba. Wannan zubin na farko wanki ne, ka sake shi bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, daga nan kuma ka riƙa sauyawa duk kilomita 1,000 ko kusa da haka.

Yanzu sai hanyar fetur, wadda a nan ne yawancin cutar tsohon babur take kwana. Kumasi gari ne mai damina biyu da raɓa mai yawa, tankin da ya daɗe a ajiye babu mai a ciki tsatsa ce ke cin sa. Ka haska cikinsa da tocilan, in ka ga ja, ka sauke shi, ka zuba kananzir da ƙananan noti cikin tafin hannu ɗaya, ka girgiza shi sosai, ka zubar, ka maimaita har sai abin da ke fitowa ya yi haske, sa'annan ka shanya shi a rana. Ka ƙirga notin da ka zuba don kada ka bar ɗaya a ciki. Wannan aiki a fili ake yin sa, nesa da kurfoti da masu shan taba, abin da ba shi da sauƙi a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, amma ba a yi masa ganganci. Bayan haka ka sa ƙaramar matatar fetur ta roba a tsakanin tanki da kabireta, kuɗinta kaɗan ne, kuma ita za ta tare ragowar dattin.

A kan kabireta ne na yi karatun da ban manta ba. Babur ɗina na farko ba ya tsayawa da wuta sai ina riƙe da totur, da na saki ya mutu, wani makanike kuwa ya yanke mini hukunci cewa sai an sauke inji an sauya fistin, har ya lissafa mini kuɗin da ya kusa rabin abin da na saye shi. Na tura shi wurin wani dattijon fita, wato makanike, wanda ya saurari injin na ɗan lokaci, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka a buɗe injin nan? Miƙo mini sukudireba." Ya kwance kwanon da ke ƙasan kabireta ya nuna mini. A gindinsa akwai wani jan laka mai kama da garin bulo, da ɗigon ruwa guda biyu suna yawo a ƙarƙashin fetur. Ya zaro ƙaramin jet, wato ɗan bututun da fetur ke bi ta cikinsa, ya ɗaga shi sama ya ce in leƙa, ban ga haske ko kaɗan ta cikin ramin ba. Da silin waya guda na cikin wayar lantarki ya buɗe shi, ya hura, ya mayar. Na ce, "Masta, shi ke nan?" Ya ce saura bawul. Kafin la'asar babur ɗin yana tsaye yana kaɗawa shi kaɗai.

Kai ma za ka iya wannan aikin a kan tire ko farin ƙyalle, don kada ƙananan kaya su ɓace. Jet biyu ne, babba na gudu da ƙarami na tsayuwa, dukkansu na tagulla ne mai taushi, saboda haka kada ka tsokane su da allura, domin ramin zai faɗaɗa babur ya koma shan mai. Kafin ka cire sukurun iska da ke gefe, ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta adadin, don ka mayar da shi yadda ka same shi. Idan ka gama wankewa, ka kai wa mai faci ya hura maka iska ta kowace kafa. Soson da ke tace iska ma ka wanke shi da kananzir, ka matse, ka shafa masa baƙin mai kaɗan. In ya fara ruɓewa ka saya sabo, kada kuma ka hau babu shi, musamman lokacin hunturu, domin ƙurar da ta wuce ita ce take cinye zoben fistin.

Fulogi yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa lafiya lau, in ya yi baƙi a bushe fetur ya yi yawa, in ya yi baƙi da maiƙo to inji yana ƙona baƙin mai. Irin da CG yake ɗauka shi ne D8EA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Bawul kuwa, wato abin da ke buɗe wa fetur hanyar shiga inji da hayaƙi hanyar fita, sai inji ya huce sarai ake saita shi. Ana juya injin har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin marfi, a zagayen da hannuwan bawul biyu suke sake, sai a auna da ma'aunin nan mai siraran ganyayen ƙarfe, a bar milimita 0.08 ga CG125. Bawul mai sako-sako ƙara kawai yake yi, amma wanda ya matse shiru yake yi yana ƙonewa, yana kuma hana babur tashi. In hannunka bai saba ba, ka biya a yi a gabanka sau ɗaya ka gani.

Duk abin da na lissafa zuwa nan bai ci maka kuɗin kirki ba, kuma da gangan ne, domin kuɗin na birki ne da taya. Ka cire ƙafafun biyu ka buɗe birki. Fatar da ta siɗe ko ta sha mai a jefar da ita, a sa sabuwa, a goge cikin kwanon da samfefa. Wayar birki ko ta kuloci da ta fara warwarewa ba a ɗaure ta, sauya ta ake yi. Taya kuma tana da shekaru ko da zanen jikinta bai cinye ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar, ko wadda gefenta ya tsattsage, ta yi tauri, kuma a gangaren Kumasi bayan ruwan sama ba za ta riƙe ka ba. In kuɗin taya ɗaya gare ka alhali duka biyun sun gaji, ka fara da ta gaba. Tun da ƙafa tana sama, ka girgiza ta gefe da gefe, in tana wasa boris ya tafi. Haka za ka juya kan babur hagu da dama, in yana sarƙewa a tsakiya to borisan wuya ne.

Sarƙa ka ja ta baya daga jikin faifan haƙori na ƙafar baya. Idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun lanƙwashe kamar ƙugiya, ta gama aiki, kuma tare ake sauya ta da faifan biyu, domin tsohon faifai cikin 'yan makonni yake lalata sabuwar sarƙa. A bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a kuma juya rufaffen bakin makullinta ya fuskanci inda sarƙar take tafiya.

Wajen wuta, a auna batir da mita. Mai lafiya yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka a kashe, in an tayar an ɗan ba da wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, laifin na caji ne, sabon batir ma mutuwa zai yi. Sau da yawa tsatsar da ke bakin wayoyi ce kawai, a kankare a ɗaure. Inda ka tarar an cusa waya ko takardar sigari a gurbin fiyus, ka cire ka sa na gaskiya. Sitata za ta iya jira muddin kik yana aiki, amma fitilar gaba da ta birki da ham ba sa jira.

Ranar da za ka shiga Suame Magazine, babbar unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara a Kumasi, sayayya, ka tafi da tsohon kayan a leda ka gwada shi da sabon a gaban mai shago, ka kuma tambayi shago uku kafin ka saya. Madigadi, marfin gefe, jak, rim da tanki duk na hannu sun wadatar. Fatar birki, taya, boris, wayoyi da gasket kuwa sababbi za ka saya. Da makanike ka raba magana biyu tun farko, kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, ka kuma ce a dawo maka da duk abin da aka cire. Ba rashin yarda ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin hakan.

Sai an yi duk wannan, babur ya ci gaba da fitar da shuɗin hayaƙi bayan ya ɗumama, kik kuma yana sauka babu nauyi a ƙafa, sa'annan maganar buɗe inji take tasowa. A nan ma a auna kafin a saya, domin wani lokaci zobe da robobin bawul sun isa, wani lokaci kuma sai an kai silinda Magazine an faɗaɗa ta an sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. Bayan wannan aiki ka lallaɓa shi kilomita 500 na farko, babu gudu babu lodi, ka sauya mai.

Abin da ya rage a aljihu ka kai shi wurin sauya sunan mai babur a DVLA, da inshora, da lasisin rukunin A, da hular kwano mai maɗauri wadda ba ta taɓa faɗuwa da wani ba, tun da 'yan sandan MTTD, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, waɗannan suke tambaya. Fenti kuwa, in tsatsa ta fito a firam, ka goge wurin da samfefa ka shafa masa jan fentin nan mai hana tsatsa da ƙaramin buroshi, sauran jikin ya jira har bayan damina.