Idan intabiyu biyu suka faɗo lokaci ɗaya

Salamu alaikum, 'yan uwa masu neman digiri na biyu.

Kun ga intabiyu biyu na neman shiga jami'a, irin waɗanda ake yi ta intanet, sun haɗu a lokaci ɗaya? Kada maganar ta kwana. A ranar ku tura imel ga jami'ar da gayyatarta ta zo daga baya. Kada ku tsaya a "ba zan samu dama ba". Ku ba su lokuta uku da kuke da sarari, da agogon garinsu.

Mai tsara jadawalin ɗalibai sun yi masa yawa. In kun kawo masa zaɓi, ɗaya kawai zai ɗauka. Ba dole ku ambaci ɗaya jami'ar ba.

Amma ku fara duba agogo. Mu a Ghana GMT (agogon Greenwich) muke duk shekara, ba ma canza agogo. Yawancin jihohin Amurka suna tura agogonsu gaba da awa 1 a Lahadi ta biyu ta Maris, Ingila sai Lahadin ƙarshe.

Ni a tsakiyar Maris na zauna a ɗakina a unguwar Aboabo da ke Kumasi, hankalina a tashe. Intabiyun Landan ƙarfe 3 na yamma, ta Niyok ƙarfe 10 na safe, kowacce da agogon garinta. Na lissafa tazarar awa 5, na ce sun haɗu. Ashe ta koma 4, ta Niyok ƙarfe 2 ce a Kumasi, ta Landan kuma ƙarfe 3!

Dabarar neman canjin lokaci ba ta cika aiki ba in kwamiti ne mai zama rana ɗaya tak, ko ana haɗa ɗalibai rukuni. Nan kam ni jami'a mai ba da tallafin karatu zan zaɓa.

Ku cika caji, ku tanadi data saboda dumsor, wato ɗauke wutar lantarki.